FASHIN BAƘI: Me ya hana ɗalibin sakandare a Daura fara tara darussan jami'a tun kafin ya kammala?

A cikin 'yan shekarun nan Daura ta zama garin manyan makarantu. Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya, wadda aka fi sani da Poli, ta kafu a 2019. A watan Disamba na shekarar, marigayi Shugaba Muhammadu Buhari ya aza harsashin Jami'ar Sufuri ta Tarayya, wadda yanzu ta fara ɗaukar ɗalibai. Kafin zuwansu akwai Kwalejin Yusufu Bala Usman ta gwamnatin jiha, wadda ke yaye masu takardar malanta ta NCE da masu difloma.

Duk da wannan kusanci, yaron da ke ajin ƙarshe na sakandare, komai hazaƙarsa, ba shi da hanyar shiga ɗaya daga cikin makarantun nan ya ɗauki darasi guda, a rubuta masa sakamakon, ya tarar da shi a ajiye ranar da ya samu gurbin karatu.

A Amurka wannan ba baƙon abu ba ne. A shekarar karatu ta 2022 zuwa 2023, ɗaliban sakandare kimanin miliyan 2.5 ne suka ɗauki aƙalla darasi ɗaya na kwaleji ko jami'a. Wasunsu kan karɓi takardar kammala sakandare da diflomar shekara biyu a lokaci guda.

Najeriya ma tana da hanyar tsallake ajin farko na jami'a. Sai dai hanyar tana farawa ne bayan an gama sakandare, a wata makaranta dabam, kuma da kuɗin iyaye. Sanin yadda aka kai ga haka shi zai nuna ko masarautar Daura za ta iya zama wurin gwada wani sabon tsari, da kuma wanda ya kamata matasa su tambaya idan ba a gwada ba.

Kiredit iri biyu

Da farko akwai kalmar da ke rikita mutane. A bakin ɗalibin Najeriya, kiredit shi ne sakamakon da bai gaza C6 ba a jarrabawar WAEC ko NECO, kuma biyar ake nema, har da Turanci, kafin a shiga jami'a. Abin da ake magana a kai a nan dabam ne. Shi ne ma'aunin da manyan makarantu ke auna nauyin darasi da shi, wanda ɗaliban jami'a ke kira yunit.

Yunit ɗaya na nufin lacca ta awa ɗaya a kowane mako, har tsawon zango guda na kimanin mako 15. Yawancin darussa masu yunit biyu ne ko uku. A ƙa'idar Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa, NUC, digirin shekara huɗu na buƙatar aƙalla yunit 120, wanda ya fara daga aji biyu kuwa 90 ake nema daga gare shi. Ke nan digiri kamar adashe yake: ana zubi zango bayan zango, in ya cika a ɗauka.

Muhawarar duka a kan ranar fara zubin take. A Najeriya sai ɗalibi ya samu gurbi ya yi rajista. A Amurka an buɗe hanyoyi uku da za a fara tun daga sakandare.

Ta farko ita ce shirin AP, wanda wata ƙungiya mai suna College Board ke gudanarwa tun shekarun 1950. Malamin sakandare ne ke koyar da darasin, amma nauyinsa na ajin farko na jami'a ne. A watan Mayu ake rubuta jarrabawa ta bai-ɗaya, maki daga 1 zuwa 5, kuma kowace jami'a ce ke yanke makin da za ta karɓa ta ɗauke wa ɗalibi darasin.

Ta biyu ita ce rajista biyu: ɗalibi yana sakandare, yana kuma da rajista a kwalejin da ke kusa da shi. Jihar Minnesota ta yi dokar haka a 1985, inda ta ba ɗaliban aji biyu na ƙarshe damar ɗaukar darussan kwaleji da kuɗin gwamnati. Jihar Washington ta biyo baya a 1990.

Ta uku ita ce makarantar da aka gina dungurungum don wannan aiki. Misalin da ya yi suna shi ne P-TECH, wadda aka buɗe a unguwar Brooklyn ta birnin New York a 2011, da haɗin gwiwar hukumar ilimin birnin, da jami'ar birnin, da kamfanin IBM. Ɗalibi na iya yin shekara shida, ya fita da takardar sakandare da diflomar fasaha ba tare da ya biya kuɗin makaranta ba.

Abin da bincike ya gano

An gwada amfanin irin waɗannan makarantu ta hanya mai ƙarfi. Da yake masu neman shiga sun fi gurabe yawa, wasu daga cikinsu da ƙuri'a suke ɗaukar ɗalibai. Cibiyar bincike ta American Institutes for Research ta bi sawun waɗanda ƙuri'a ta faɗa musu da waɗanda ta tsallake. Shekara shida bayan lokacin kammala sakandare, kimanin kashi 45 cikin 100 na rukunin farko sun samu difloma ko digiri, rukuni na biyu kuwa kimanin kashi 34.

Akwai kuma ɓangaren da masu tallar tsarin ba su cika ambata ba. Alƙaluman cibiyar ƙididdigar ilimi ta gwamnatin Amurka da aka fitar a 2019 sun nuna cewa kashi 42 cikin 100 na 'ya'yan masu digiri sun ɗauki irin waɗannan darussa, amma a cikin 'ya'yan waɗanda ba su gama sakandare ba kashi 26 ne kawai. Haka nan ofishin binciken majalisar dokokin ƙasar, GAO, ya ƙiyasta a 2017 cewa ɗaliban da suka sauya sheƙa daga wata babbar makaranta zuwa wata sun yi asarar kimanin kashi 43 cikin 100 na yunit ɗin da suka tara, domin sabuwar makarantar ba ta karɓa ba. Darasi biyu ke cikin wannan: idan ba a tsara da gangan ba, masu hali ne ke fara cin moriyar shirin, kuma yunit ɗin da babu yarjejeniyar karɓarsa ba ya rage wa kowa ko mako ɗaya.

Najeriya ta taɓa yin makamancinsa

Dattawan da suka yi karatun boko kafin shekarun 1980 ba za su ji wannan labari sabo ba. A zamaninsu sakandare shekara biyar ce. Waɗanda suka yi zarra kan ƙara shekara biyu a azuzuwan HSC, a cikin harabar sakandare, su zurfafa a darussa uku, sannan su wuce jami'a su yi digiri a shekara uku. Kwalejin Barewa ta Zariya, wadda tushenta tsohuwar Kwalejin Katsina ce, tana cikin makarantun da suka yi wannan aiki.

Matsalar Arewa ita ce makarantun da ke da azuzuwan HSC ba su da yawa, don haka jami'a ba ta samun isassun ɗalibai daga yankin. Saboda haka ne Jami'ar Ahmadu Bello, a zamanin shugabancin Farfesa Ishaya Audu, ta buɗe makarantar share fage a cikin harabarta, jihohi ma suka buɗe nasu kwalejojin. A 1976 aka kafa IJMB a ƙarƙashin jami'ar domin waɗannan makarantu su riƙa rubuta jarrabawa ɗaya.

Sai Manufar Ilimi ta Ƙasa ta 1977 ta zo da tsarin 6-3-3-4, wanda aka fara aiwatarwa a 1982. A 1988 aka rubuta jarrabawar kammala babbar sakandare ta farko, azuzuwan HSC kuma suka shuɗe daga makarantun gwamnati. Idan aka yi lissafi, ba a rage komai ba. Biyar da biyu da uku goma ne, uku da uku da huɗu ma goma ne. Shekara ɗaya ta HSC ta gangaro cikin sakandare, ɗayar kuma ta haura ta zama ajin farko na jami'a. Shi ya sa Lissafi da Fiziks da Kemistiri da Bayoloji na wannan aji suke kama da ci gaban abin da aka baro a sakandare.

Mutanen masarautar Daura ba sa buƙatar tafiya mai nisa don ganin ɗaya hanyar. Da zarar an haura iyaka ta Kwangwalam an shiga Jamhuriyar Nijar, tsarin ya sauya: firamare shekara shida, ƙaramar sakandare huɗu, babba uku, jimilla 13, sannan jarrabawar BAC. Wanda ya ci ya shiga jami'a a Damagaram ko Maraɗi ko Yamai, digirin farko shekara uku ne. Nijar 13 da 3, Najeriya 12 da 4, duka 16. Bambancin shi ne inda shekara ta 13 take zaune. A Nijar tana cikin sakandare. A Najeriya tana bayan ƙofar JAMB. Tsarin Nijar ma yana da nasa ƙuncin, domin a yawancin shekaru masu faɗuwa BAC sun fi masu ci yawa.

Hanyar da ta rage: IJMB da 'yan'uwanta

A yau wanda ke son fara jami'a daga aji biyu yana bin hanyar shiga kai-tsaye, wadda ɗalibai ke kira DE. Hukumar JAMB ce ke karɓar rajistar, kuma dole mai nema ya gabatar da wata takarda da ta ɗara ta sakandare.

IJMB ce ta fi shahara a Arewa. Karatun kimanin shekara ɗaya ne a darussa uku. A na da maki 5, B 4, C 3, D 2, E 1, kuma wanda bai faɗi ko ɗaya ba ana ƙara masa maki guda, don haka ƙololuwa 16 ce. Kowace jami'a na sanya makin da take so ga kowane fanni. A Jihar Katsina, cibiyar da ta fi suna ita ce makarantar share fage ta Jami'ar Ahmadu Bello da ke Funtuwa, can kudancin jihar, alhali Daura na arewa maso gabas.

JUPEB ƙanwarta ce, wadda wasu jami'o'i ƙarƙashin jagorancin Jami'ar Legas suka ƙaddamar a 2014. Akwai kuma NCE, wadda ke cin shekara uku, da diflomar ƙasa ta poli mai shekara biyu, da manyan takardun hukumar jarrabawar fasaha da kasuwanci ta NABTEB. Dukkansu suna iya kai mutum aji biyu.

A nan ne lissafin ke nuna wanda ke cin riba. Mai IJMB ya yi shekara ɗaya, an ɗauke masa ɗaya, bai yi asarar lokaci ba amma bai ci ribarsa ba. Mai difloma ya yi biyu an ɗauke masa ɗaya. Mai NCE ya yi uku an ɗauke masa ɗaya. Babu ko ɗaya cikinsu da ya fara tun yana sakandare. Waɗanda ke kusa da samun haka su ne 'ya'yan masu hali a wasu makarantun kuɗi na Abuja da Legas, inda ake koyar da babbar jarrabawar Cambridge ta Ingila ko ta IB a cikin harabar makaranta. Wato dai HSC ba ta mutu ba, ta koma hannun masu iya biya.

Ɗalibin share fage kuma yana tsaka-tsaki. Ya wuce inda gwamnatin jiha ke biya wa ɗaliban makarantunta kuɗin jarrabawar kammala sakandare, bai kuma kai inda asusun lamunin ɗalibai na NELFUND, wanda aka kafa da dokar 2024, ke neman lambar JAMB da shaidar samun gurbi ba. Kuɗin makaranta, da na haya, da na abinci, da na mota, duk a wuyan mahaifi suke.

Makullai uku

Ko da shugaban wata kwaleji a Daura ya yi niyyar buɗe aji ga ɗaliban sakandare gobe, abubuwa uku za su tare shi.

Na farko shi ne sharaɗin kiredit. Ba a yi wa kowa rajista a babbar makaranta sai da sakamakon kammala sakandare, ɗalibin da ke aji biyar ko shida kuwa bai rubuta jarrabawar ba tukuna.

Na biyu shi ne manhajar CAPS da JAMB ta kawo a 2017. Duk gurbin da aka bayar ba ta cikinta ba, hukumar na ɗaukarsa haramtacce. A cikin manhajar babu matsayin ɗalibin da ke ɗaukar darasi ɗaya ko biyu alhali sunansa na cikin rajistar wata sakandare.

Na uku shi ne shekaru. A 2024 Ministan Ilimi na lokacin, Farfesa Tahir Mamman, ya nemi a tsayar da shekara 18 a matsayin mafi ƙarancin shekarun shiga babbar makaranta, abin da ya tayar da ƙura. Magajinsa, Dokta Tunji Alausa, ya mayar da ita 16. An bar 'yar ƙofa ga masu baiwa ta musamman, bisa sharaɗin su ci aƙalla maki 320 cikin 400 sannan su tsallake wasu matakan tantancewa. A sakamakon farko na 2025, cikin yara 40,247 da aka bari su rubuta a wannan rukuni, 467 ne suka kai makin.

Wannan muhawara ta shekaru tana nuna giɓin da ke akwai. Yaro mai hazaƙa ɗan shekara 15 zaɓi biyu kawai yake da shi: a tura shi jami'a ya zauna da manya tun bai mallaki hankalin kansa ba, ko ya zauna a gida yana jiran kalanda. Rajista biyu zaɓi ne na uku. Yaron na gaban iyayensa da malamansa, ƙwaƙwalwarsa kuma tana samun aikin da ya dace da ita.

Abin da ke cikin hatsari

Shekara ɗaya ba ƙaramin abu ba ce ga ɗalibin Najeriya. A 2020 ƙungiyar malaman jami'a ta ASUU ta yi yajin aiki na kimanin wata tara, a 2022 kuma na wata takwas. Wanda ya kammala digiri bayan ya haura shekara 30 ba ya zuwa bautar ƙasa, takardar ɗauke nauyi ake ba shi. Bankuna da kamfanoni da hukumomin tsaro na sanya iyakar shekaru a tallar ɗaukar ma'aikata. Gyaran tsarin mulki na 2018 ya sauko da shekarun takarar majalisar jiha da ta wakilai zuwa 25, amma matashin da ke fama da ajin ƙarshe a wannan shekarun ba ta takara yake yi ba.

A ɗauki misalin yarinyar da ta gama sakandare a Baure ko Zango da sakamako mai kyau, amma makin JAMB bai kai ba. Shekara guda za ta jira. Kafin mahaifi ya yanke shawarar tura ta share fage a wani gari, sai ya auna kuɗi, ya auna hanya, ya auna inda za ta kwana. A gidaje da yawa, a cikin wannan shekara ta jira ake kawo kayan na-gani-ina-so. Da a ce ta gama sakandare riƙe da shaidar cewa ta riga ta ci darussa uku na babbar makarantar da ke cikin masarautarta, da maganar da za a yi a zaure ta sha bamban.

Me za a iya gwadawa a Daura?

Hanya biyu ce a fili, ɗaya ta fi ɗaya sauƙi.

Mai sauƙin ita ce a maido da ajin share fage cikin wasu makarantun sakandaren gwamnati, kyauta, a nemi rajistarsu a matsayin cibiyoyin IJMB. Wannan ba ya buƙatar a taɓa sharaɗin kiredit biyar, domin ɗalibin ya riga ya rubuta WAEC ko NECO. Abin da yake buƙata shi ne malamai masu digirin da ya dace, da ɗakunan gwaje-gwaje, da amincewar hukumar jarrabawar. Gwamnatin Malam Dikko Umaru Raɗɗa ta ɗauki malamai sama da 7,000 a 2023, ta kuma ware makarantun sakandare na musamman guda uku, ɗaya a kowace shiyya: Raɗɗa, Jiƙamshi, da Dumurkul a shiyyar Daura. Irin waɗannan makarantu, da na kimiyya na kwana, su ne wuraren da suka fi dacewa da gwaji. Ba zai rage shekara ba, amma zai ɗauke wa iyaye kuɗin ajin farko na jami'a, ya kuma cike shekarar jira.

Mai wuyar ita ce rajista biyu ta gaskiya. A nan sabuwar manhajar jami'o'i ta CCMAS, wadda NUC ta ƙaddamar a ƙarshen 2022, ta rage wahala. Hukumar ce ke tsara kashi 70 cikin 100 na abin da ake koyarwa, jami'a ta cike 30. Darussan gama-gari na ajin farko, kamar Sadarwa da Turanci da kuma Al'ummomi da Al'adun Najeriya, iri ɗaya ne a ko'ina. Su ne za a iya koyar da zaɓaɓɓun ɗaliban aji biyar da shida a ranakun Asabar ko a dogon hutu, malaman babbar makaranta su koyar, jami'a ta tsara jarrabawa ta kuma duba.

Jihar Katsina na da wata dama a nan. Makarantun sakandaren, da Kwalejin Yusufu Bala Usman, da Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa, duka mallakar gwamnati ɗaya ne. Idan majalisar malaman jami'ar ta amince a rubuce cewa za ta karɓi waɗannan yunit, an kauce wa asarar da ɗaliban Amurka ke yi. A ɓangaren fasaha kuwa, Poli da Jami'ar Sufuri na tarayya ne, kuma layin dogon Kano zuwa Maraɗi, wanda aka ƙaddamar da aikinsa a 2021, ta Daura zai bi. Haɗin makarantar fasaha da poli da kamfanin da ke neman ma'aikata shi ne ainihin abin da aka yi a Brooklyn.

Inda gizo ke saƙa

Masu adawa da shirin na da hujja mai ƙarfi. A sakamakon farko na JAMB na 2025, cikin kusan mutum miliyan 1.95 da suka rubuta, sama da miliyan 1.5 ba su kai maki 200 ba. A 2025 an tsayar da mafi ƙarancin makin shiga jami'a a 150, na poli da kwalejojin ilimi kuma 100. Makarantar da ba ta da malamin Fiziks na dindindin, darasin jami'a ba shi ne buƙatarta ta farko ba. Duk nairar da aka kashe a kan 'yan tsiraru masu hazaƙa, an ɗauko ta ne daga kasafin da sauran ke jira.

Sai batun gaskiyar takardu. JAMB ta bayyana cewa da Jami'ar Bayero ta Kano ta tantance sakamako 148 na masu neman shiga kai-tsaye, shida ne kaɗai na gaske. Wannan na cikin dalilan da suka sa hukumar ta ƙara tsaurara tantance takardun DE. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga: duk sabuwar takardar da ke rage shekara za ta jawo 'yan kasuwar jabu, in ba a ajiye sakamakon a rumbun da jami'o'i ke iya dubawa kai-tsaye ba.

Na uku shi ne nisa. Ƙananan hukumomi biyar ne a masarautar: Daura, Baure, Mai'aduwa, Sandamu da Zango. Manyan makarantun sun taru ne a garin Daura da kewayensa. Ɗan cikin gari zai je ajin Asabar a ƙafa ko a keke, ɗan ƙauyen bakin iyaka kuwa sai an biya masa kuɗin mota, ranar da ake buƙatarsa a gona ko kasuwa. Idan ba a ware gurabe ga kowace ƙaramar hukuma ba, aka kuma ware wa 'yan mata nasu kaso, aka ɗauki nauyin sufuri, 'ya'yan ma'aikata da 'yan siyasa ne za su cika ajin.

Wa ke riƙe da mabuɗi?

A tsarin mulkin Najeriya, tarayya da jihohi duka suna da hannu a harkar ilimi, amma mizanin manyan makarantu na hannun tarayya. NUC ke kula da jami'o'i, NBTE da poli, NCCE da kwalejojin ilimi, JAMB kuma da ƙofar shiga. Sauyin manufa irin wannan yakan bi ta Majalisar Ilimi ta Ƙasa, inda minista ke zama da kwamishinonin jihohi. Kwamishinan kowace jiha na da ikon gabatar da takarda a can. Ba a jima ba aka ga cewa katangar da ke tsakanin matakan ilimi tana motsuwa: dokar 2023 ta ba kwalejojin ilimi na tarayya damar bayar da NCE da digiri da kansu.

A matakin jiha, ma'aikatu biyu ne sai sun zauna tare, ta ilimin firamare da sakandare da ta ilimi mai zurfi, sannan Majalisar Dokoki ta sanya kuɗin a kasafi. A matakin tarayya, sanatan shiyyar Daura, da ɗan majalisar wakilai na Daura, Sandamu da Mai'aduwa, da na Baure da Zango, su ne ke da bakin kai maganar gaban ministan ilimi da JAMB.

Gabanin zaɓen 2027, masu neman ƙuri'a za su zo da alkawarin sababbin gine-gine da tallafin karatu. Ƙungiyoyin ɗalibai da na matasan masarautar na iya tarar su da tambayoyin da ke da amsa a lamba. Ɗalibai nawa ne daga makarantun gwamnati na ƙananan hukumomin biyar suka samu kiredit biyar a bara, nawa ne cikinsu suka samu gurbi a shekarar, sauran kuma suna ina? Nawa ne kuɗin buɗe ajin share fage guda ɗaya kyauta a kowace ƙaramar hukuma? Kashi nawa ne na ɗaliban Poli da Jami'ar Sufuri suka fito daga sakandaren da ke kewaye da su? Kuma wane ɗan takara ne zai sa hannu cewa a shekararsa ta farko zai kai takardar gwajin rajista biyu gaban Majalisar Ilimi ta Ƙasa?